Hausar da Na Koya wa Mista Wilfi

Hayyus Sabi', Alƙahira.

Mukhtar, ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya tsare ka a hanyar da za ka kama ranar Alhamis, Ya sauke ka Ingila lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a can. Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naka. To, wata biyu ke nan bakina ya kasa, shi ya sa na koma ga biro. Na ce wa Ummanka ta ba ka ita yau, kada ta jira sai jirgi ya tashi.

Ranar da ka kawo mini takardar makarantar koyon wasan kwaikwayo, na ce maka in ka tafi ba da yawuna ba. Tun daga nan ban da "ina kwana" babu abin da ke haɗa mu. Ka ɗauka saboda addini ne, ko saboda abin da dangi za su ce a Zariya. Na bar ka a kan haka don ya fi mini sauƙi. Gaskiyar magana ita ce ubanka ya yi shekara bakwai yana fitowa a finafinan Masar. Ummanka ta sani, kai da ƙannenka ne ba ku sani ba.

Karatun hadisi ya kawo ni ƙasar nan, kamar yadda ka sani. Tallafin karatu kuwa sai ya ga dama yake zuwa, ciki kuma ba ya jiran sa. Wani maƙwabcinmu a unguwar Abbasiya, Bahaushen Sudan, shi ya ja ni wani gidan shan gahawa inda ake ɗibar 'yan cike gurbi, waɗanda Misirawa ke kira kombars. Su ne mutanen da ke wucewa a bayan jarumi, ko su tsaya da tire a hannu, ba su cewa uffan. Baƙin mutum a finafinan wancan zamani aikinsa sananne ne: mai gadin ƙofa, kuku, ko bawa mai fifita. Suna ma ba a wahalar tambaya, dukkanmu Usman ne. Ni Habibu na yi Usman har sai da na fara waigowa in an kira wani Usman a kasuwa.

Kuskurena na farko shi ne ina cin abinci da sana'ar ina raina ta. Ina ganin ni ɗalibin ilimi ne, wannan kuwa shirme ne da nake yi kafin Allah Ya kawo mafita. Ban taɓa tambayar labarin fim ɗin da nake ciki ba. A sa mini rawani in tsaya, a ce an gama in tuɓe in kama gabana. Mukhtar, in ka ga aiki bai kai ka ba, ka ce ba ka yi tun farko, babu wanda zai ɗaure ka. In kuwa ka karɓa, ka yi shi da zuciya ɗaya. Wanda ya raina aikin da ke hannunsa ba ya lura da abin da yake yi a ciki, kuma a nan nawa ya same ni.

A wurin ɗaukar fim na haɗu da Mista Wilfred, wanda ma'aikata ke kira Ammu Wilfi, wato baffa Wilfi. Dogon Bature ne, siriri, mai dogon hanci da manyan kunnuwa, fuskarsa kamar ta wanda aka ba shi lemon tsami yana azumi. A wani ƙaramin gari na bakin teku aka haife shi a arewacin Ingila, ubansa akawun tashar jirgin ƙasa ne. Ya fara da yawon wasan daɓe gari-gari, daga baya ya shiga fim. Bai taɓa zama jarumi ba, ko sau ɗaya. Shi ne baran gidan attajiri da ke buɗe ƙofa, shi ne sajan ɗin 'yan sanda da ke isowa bayan an gama faɗa, shi ne likitan da ke fitowa ya girgiza kai. Ya ce mini a Landan mutane kan tare shi a tashar mota su ce lallai sun san shi, sai dai sun rasa ko a banki ne ko a asibiti.

Mako uku aka ce zai yi a Masar, don wani fim na Turawa da aka ɗauka a hamada. Sai Misirawa suka ga fuskar nan suka ce ai ga wanda suke nema. Suna bukatar Baturen da 'yan kallo za su tsana: hafsan mulkin mallaka, ɓarawon kayan tarihi, manajan kamfani mashayi. Ya zauna fiye da shekara talatin yana wannan. Yakan ce babu wani babban jarumi a ƙasar nan da bai taɓa marin sa ba, kuma an kashe shi a fim har ya daina lissafi. A zahiri kuwa mutum ne da ke ajiye wa kyanwowin unguwarsu kifi a takarda.

Shi kaɗai ne ya taɓa tambayar sunana. Muna zaune a inuwar wata mota muna jiran a gyara fitilu, ya dube ni ya ce da Larabcinsa mai karkata, "Kai ma Usman ne, ko kana da naka sunan?"

Na ce, "Habibu."

Ya ciro wani ƙaramin littafi daga aljihun ƙirji ya rubuta. Littafin nan ba ya rabuwa da shi. Ko jimla ɗaya aka ba shi a fim, sai ya rubuta ta, ya rubuta daga ina mutumin ya fito kafin ya shigo ɗakin, da abin da ke damun sa a ranar. Yakan riga kowa zuwa, ya taka daga ƙofa zuwa tebur sau uku ko huɗu don ƙafarsa ta san wurin. Na taɓa yi masa tsiya na ce, Ammu Wilfi, duk wannan wahala a kan "Ku fitar da shi waje"? Ya ce, "Habibu, jarumi yana da awa biyu ya gyara kuskurensa. Ni da kai jimla ɗaya muke da ita." Na yi dariya, don a lokacin ni ko jimla ɗayar ba ni da ita.

Ranar da na same ta, a wani fim ne na zamanin mulkin Ingilishi. Shi ne kanar, ni ne baransa da ya fasa kwalba. Zan durƙusa in roƙe shi, shi kuma ya ɗaga bulala. Darakta ya ce, "Yalla ya Usman, ka roƙe shi da yarenku, da ƙarfi."

Na ce, "Me zan ce?"

Ya kaɗa hannu ya ce, "Ayyi kalam. Ko me ka ga dama. Wa zai gane?"

Maganar nan ta yi mini zafi. Tun safe nake tsaye a rana, an kira ni Usman ya fi sau ashirin, yanzu kuma an ce harshen uwata surutu ne kawai. Sai na durƙusa, na kama ƙafar wandon kanar, na ɗaga kai da fuskar tausayi, na ɗura masa ashar. Kalma uku ce. Ta farko "uwarka", sauran biyun ba zan rubuta wa ɗana su ba, ka dai san irin wadda ake jin ta a tashar mota in faɗa ya kai faɗa. Na maimaita ta sau huɗu, har da hawaye, don haushi ya kawo su. Darakta ya yi tsalle ya ce, "Tamam! Khalas!" Daga ranar aka mayar da ni kombars mai magana, na koma gida ina jin na rama.

Kafin in tafi, Mista Wilfi ya zo ya ɗaga ni, ya kakkaɓe mini ƙurar gwiwa da hannunsa. Bulalar ta ɗan taɓa mini kunne, ya yi ta duba wurin. Sannan ya ce, "Abin da ka faɗa ya shiga jikina. Mece ce ma'anarsa?"

Na ce, "Ma'anarsa, ka yafe mini."

Ya ciro littafin. Ya sa na maimaita a hankali, ya rubuta, ya faɗa, na gyara masa inda murya ke hawa da inda take sauka. Kunnen ɗan wasa gare shi, kafin a kwashe fitilu ya iya ta kamar haifaffen Tudun Wada. Na ƙunshe dariyata har na isa Abbasiya, na ba abokan ɗakina labari, muka yi ta faɗuwa a kan katifa.

Inda za ka, za a ce maka haka. Za a sa maka riga a ce kai ɗan Afirka ne, ka yi magana da yarenku, ko me ka faɗa daidai ne. Kada ka yarda akwai wata magana wai ita ayyi kalam. Ka tambaye su me mutumin yake son cewa, ka faɗe shi da Hausa mai kyau, ko da babu wanda ya ji ta a cikin ɗakin. Wanda ke jin ta yana nan a wani wuri, kuma fim zai kai masa.

Nawa ya kai Zariya. Wani ɗalibi da ya gama karatu ya tafi da kaset ɗin a cikin tsarabarsa, da kyakkyawar niyya, wai a ga Habibu a talabijin. Aka kunna a gidan maƙwabcinmu mai bidiyo, aka je aka taho da Inna, kakarka, aka shimfiɗa mata tabarma a gaba. Inna ba ta jin Larabcin Masar. Ta zauna kusan awa biyu tana kallon mutane suna ta hayaniya, tana jiran ɗanta. A lokacin shekarata shida ban je gida ba, waya kuwa ba a hannun kowa take ba, sai wasiƙa da ƙanena Lawal ke karanta mata. Shekara shida ba ta ji muryata ba, kuma Hausa ɗaya tak ce a cikin fim ɗin.

Wasiƙar Lawal ta zo bayan wata guda. Na zaci zagi zan tarar, ko a ce in tattara in dawo. Abin da ya rubuta a ƙarshe shi ne: "Inna ta ce ta ji muryarka, ta gode Allah kana lafiya. Ta ce ka je ka ba uwar mutumin nan haƙuri, ka ce ita ta aike ka. In ta rasu, ka ba ɗanta."

Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na daina fim daga wannan makon, na koma kan karatu, daga baya na samu aikin tafinta da nake yi a unguwar Mohandessin har yau. Na gaya wa kaina fim ne ya jawo mini, fim mugun abu ne. Amma saƙon Inna ban kai ba. Uwar Mista Wilfi ta daɗe da rasuwa, ɗanta kuwa duk ranar Asabar muna shan shayi tare a tsakiyar gari, ga shi ga ni, na kasa.

Shi kuma bai bar kalmomin nan ba. In ya makara, da su yake fara gaishe ni, hannu a ƙirji. In ya taka mini ƙafa a cikin taksi, su ne. Tun ina jin dariya har ta koma tana sukar ni. Kullum sai in ce mako mai zuwa zan gaya masa, in mako ya zo sai in ga ai abin ya ƙara tsufa da kwana bakwai, ya ƙara wuyar faɗa.

Ranar sunanka ya zo gidan nan da kwat da furanni, da ɗan ƙaramin bargo da ya saya maka. Falo cike da malamai da manyan ɗalibai, har da mutanen ofishin jakadanci. Wajen zama ya ture kofin shayin wani dattijo, limamin da ya raɗa maka suna, shayi ya zube a kan babbar riga. Na ga ya dafa ƙirji ya buɗe baki. Ban san lokacin da na tsallake mutum uku na fizgo hannunsa na yi baranda da shi ba. Ya ce, "Habibu, haƙuri kawai zan ba shi, da harshenku." Na ce masa a al'adarmu baƙo ba ya ba da haƙuri, mai gida ne ke bayarwa. Ƙarya ta biyu ke nan, don in tallafi ta farko.

Daga ranar ban sake gayyatar sa gida ba. In muna tafe na hango Bahaushe, sai in canja hanya. Ya lura, don mutum ne da aikinsa lura. Wata rana ya ce mini, ba tare da fushi ba, ya gane, mutumin da ya zama malami ba zai so a riƙa ganin sa da tsohon Bature ɗan fim ba. Na bar shi da wannan zaton. Shi ya sa ba ka san shi ba, alhali ya ɗauke ka a hannunsa kana da kwana bakwai. Mukhtar, in ka yi wa mutum ƙarya, ko ta wasa ce, ka warware ta a ranar, kafin rana ta faɗi. A ranar farko da dariya za a rabu, wataƙila da ɗan zagi. Ni na bar tawa ta shekara ashirin, ta raba ni da mutumin da ya fi kowa mutunta ni a garin nan.

Da ya tsufa aiki ya ja baya. Aka daina finafinan mulkin mallaka, Turawan da ake nema kuma yara ne masu faɗin kafaɗa. Bai koma Ingila ba, ya ce 'yar'uwarsa ɗaya ce kuma ta rasu, a can babu wanda zai gane shi ko a tashar mota. Fitowarsa ta ƙarshe a wani wasan talabijin ne, tsoho a keken guragu, babu magana ko ɗaya. Duk da haka sai da ya rubuta shafi biyu a littafinsa a kan tsohon.

Kana aji uku na sakandare aka kira ni aka ce yana asibiti. Na je bayan la'asar. Ya rame, hancin nan ya ƙara tsawo, amma hankalinsa garau. Muka taɓa hira, ya tambaye ni kai, ya tambayi Ummanka. Can ya ce ya daɗe yana tunani, ya shekara talatin yana ɗaga wa mutane bulala a gaban kyamara, ya san wasa ne, amma akwai ranar da ta taɓa kunnen wani da gaske, kuma akwai shekarun da ya ga ana kiran mu da sunan da ba namu ba bai ce komai ba. Ya ce ba shi da kowa da zai nemi gafararsa sai ni. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya dube ni, ya faɗi kalmomin nan uku a hankali, kowace a wurinta, idonsa cike da hawaye.

Na ce, "Na yafe, Ammu Wilfi."

Ban ƙara komai ba. Ya rasu a cikin makon. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne ya hana ni, wai ina amfanin ɓata wa mai jinya rai. Ba tausayi ba ne, tsoro ne kada ya dube ni ya ga ko ni wane ne. Mutumin da bai taɓa faɗin jimla ba tare da ya san ma'anarta ba, na bar shi ya yi bankwana da ni da ashar. Inna ma ta rasu tana zaton na kai saƙonta, don da ta tambaye ni na ce na kai.

To, ranar da ka miƙo mini takardar nan, ba kai na gani ba. Kaina na gani a durƙushe, riƙe da ƙafar wando. Na ɗora wa sana'a laifin da bakina ya yi, na kuma ɗora maka. Wannan shi ne kuskurena na baya-bayan nan, kuma shi kaɗai ne wanda har yanzu ake iya gyarawa. Bari in gaya maka wani abu: wasan da kuka yi a zauren kwalejinku bara, na je. Na tsaya a baya kusa da ƙofa, na fita kafin a kunna fitila. Mai sayar da tikitin jirgin ƙasa ka fito, maganarka ba ta fi jimla biyar ba, amma na ga yadda ka riƙe biro kamar wanda ya shekara goma yana riƙe da shi. Na san wanda da ya gani zai ciro littafi ya tambayi sunanka.

Saboda haka ka tafi, da yawuna. Kada ka raina ƙaramin matsayi, mai yiwuwa a cikinsa za ka ƙare, kuma ana iya ƙarewa a cikinsa da mutunci, na ga wanda ya yi. Ka tambayi sunan mai riƙe fitila da mai kawo shayi. Ka gaya musu lokutan sallarka tun ranar farko, kada ka jira sai an saba ganin ba ka tashi. Abin da ba za ka iya zama kusa da Ummanka ku kalla tare ba, ka bar musu kayansu. Ka riƙa kiran ta ta ji muryarka, kada ka ce saƙon rubutu ya wadatar.

Saura abu ɗaya. A gidanmu uba ba ya faɗa wa ɗa wannan, ni ma ban taɓa jin ta daga bakin nawa uban ba. Wata biyu na hana ka fuskata a kan laifin da ba naka ba, na bar ka kana haɗa kaya kai kaɗai kamar mara uba. Mukhtar, ka yafe mini.

Allah Ya yi maka albarka, Ya kiyaye harshenka da mutuncinka, Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya dawo mana da kai muna raye. Allah Ya jiƙan Inna. Ranar Alhamis kada ka kira taksi, na ɗauki hutu a wurin aiki, ni zan kai ka filin jirgi.

Mahaifinka,
Habibu